Kawu da Takardar Kayan Ɗaki

Saura wata biyu bikin Auta aka kira taron gida. Gidan a Tudun Wadan Zariya yake, irin tsofaffin gidajen nan masu zaure biyu, kuma tun rasuwar maigidan duk wani abu mai cin kuɗi a cikinsa wuyan mutum ɗaya yake hawa. Babban Yaya ke nan, mai shagon atamfa a kasuwar Sabon Gari. Shi ya biya wa Malam kuɗin karatu har ya zama malamin sakandare. Shi ya riƙe Injiniya har ya gama jami'a ya dawo gida zaman jiran aiki. Shi ya aurar da Anti, yanzu kuma shi ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta uku, wai mijinta abubuwa sun tsaya masa. Ya ƙara shago na biyu, ya sayi mota, ya yi jiki. Dangi suka ce Allah ya buɗa masa, ba kuwa wanda ya tambayi da bashin wa aka cika shagon na biyu.

Inna ta san da bashin. Ta kuma lura cewa yaron nan yana haki in ya ɗan yi sauri, kuma da yamma yakan zare takalmi yana murza idon sawu. Amma ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta kira, balle ta tashi a gaban dangin uba ta ce a sassauta masa. Sai ta aika a kira mata ƙanenta.

Kawu tsohon nas ne, ya yi shekaru fiye da talatin a asibitin koyarwa tun yana nan Tudun Wada kafin a koma Shika. Unguwa duka Likita ake ce masa, ya gyara har ya gaji ya bari. Ya san matsayinsa sarai: dangin uwa ba su da ta cewa a kan gara da kayan ɗaki. Ya zo da 'yar jakarsa, ya gaisa da kowa, ya zauna gefe aka zuba masa shayi.

Goggo, ƙanwar marigayi, ita ta zo da takarda. Ta gyara tabarau ta fara karantawa. Gado da sif da madubi, kujeru, firji, talabijin, kayan kicin, labule da kafet. Gara kuwa shinkafa buhu uku, man gyaɗa jarka biyu, manja, taliya, sukari, ban da alkaki da nakiya da dubulan. Sai kamu, sai walima, sai dina a ɗakin taro, domin ƙawayen Auta duk an yi musu. Bayan kowane layi sai ta ɗaga kai ta ce, "Wannan Alhaji zai ji da shi." Alhajin yana zaune a bakin ƙofa da waya biyu a hannu yana cewa, "To Goggo, Allah ya hore." Malam ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Injiniya na danne-danne. Anti ta tuna cewa ba a sa anko ba, aka ƙara.

"Kada ku ga kamar abin ya yi yawa," in ji Goggo. "Na Anti ma shi ya yi, lokacin shago ɗaya gare shi. Yanzu fa? Kullum gaba yake yi."

Kawu ya ajiye kofi. "Hajiya, maganar nan taki ta tuna mini da wani bawan Allah da muka taɓa jinya. In ba zan katse ku ba."

Ba a hana babba magana. Goggo ta ninke takarda ta ɗora a cinya.

"Direban babbar mota ne, Zariya zuwa Legas. Ƙato, kakkaura. Aka kawo shi numfashi sama-sama, ƙafafu sun kumbura, ya yi kwanaki a zaune yake barci, domin da ya miƙe sai ya ji ana shaƙe shi. Aka ɗauki hoton ƙirji. Ƙa'idarmu mai sauƙi ce: faɗin zuciya bai kamata ya wuce rabin faɗin ƙirji ba. Tasa ta wuce da nisa. Likita ya ɗaga hoton a haske yana nuna wa ƙannensa, sai ɗayansu ya ce, 'Masha Allah, namiji ke nan!' Shi a zatonsa yabo ne ya dace."

"To Kawu, ba ƙarfi ba ne?" Injiniya ya tambaya bai ɗago ba. "Tsoka ce fa. In ta yi girma ai ta yi ƙarfi."

"Da farko ƙarfi ne, kana da gaskiya. Nan ne ma ruɗin yake. Zuciyar babban mutum ba ta wuce dunƙulen hannunsa ba, nauyinta wajen giram 300. Tana bugawa kimanin sau 100,000 a kwana guda, tana tura jini wajen lita 5 duk minti. Ɗaki huɗu gare ta, amma na hagu na ƙasa shi ne mai wahala, shi ke aika wa jiki duka, daga ƙwaƙwalwa har yatsan ƙafa. Kaurin bangonsa kamar santimita 1. Direban nan ya daɗe da hawan jini bai sani ba, don hawan jini ba ya sallama. Jijiyoyi sun matse, sai ɗakin ya yi turi fiye da na da kafin jini ya wuce. To ita tsokar zuciya ba ta haihuwa. Ƙwayoyin da aka haife ka da su, kusan da su za ka koma ga Allah. Aiki ya ƙaru, masu yinsa ba su ƙaru ba, sai kowace ƙwaya ta ƙara kauri. Bango ya kai santimita ɗaya da rabi. Jini ya ci gaba da isa ko'ina, kowace gaɓa ta samu rabonta a kan lokaci. Shekaru ana haka, ba wadda ta ji a jikinta."

Ya kurɓi shayi. Kawu mutum ne da ba ya gaggawa, kuma ya san inda zai tsaya a jira shi.

"Abin da hoto ba ya nunawa shi ne kuɗin da aka biya. Bango mai kauri ba ya sakewa da kyau, ɗakin ba ya cika yadda ya kamata. Ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da tsokar ba su ƙaru daidai da kaurinta ba. Ku duba ikon Allah: jinin jiki duka ta cikinta yake bi, amma rabonta kamar kashi 5 ne cikin 100. Shi ma ba ta samunsa sai a ɗan tsakanin bugu da bugu, domin lokacin da take matsewa ta tura wa wasu, nata jijiyoyin a danne suke. In aka sa ta sauri, wannan ɗan tsakanin ne ke raguwa. Sai ƙwayoyi su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, tabo ya maye gurbinsu. Tabo yana cika wuri, a hoto za ka ga nama ne, amma ba ya matsewa. Waɗanda suka rage su ɗauki nasu su ɗauki na mamatan."

A gefen Babban Yaya akwai kwanon abinci a rufe, tun azahar aka kawo shi. Inna ta kalli kwanon ta kau da kai.

"Daga nan sai ɗakin ya fara buɗewa. Shi ma da dabara yake farawa. Wani Bajamushe, Otto Frank, ya gano abin a zuciyar kwaɗo a 1895, wani Bature kuma a Landan, Ernest Starling, ya tabbatar da shi a zuciyar kare wajen 1914: gwargwadon jinin da ya cika ɗaki ya miƙar da tsoka, gwargwadon ƙarfin da za ta matse. Kun san danƙon da kuka harbi tsuntsu da shi kuna yara. In ka ƙara ja, dutse ya ƙara nisa. Amma danƙon da aka bari a miƙe dare da rana, ranar da ka sake shi ba ya komawa. Ya fi na da tsawo, ba ya kai dutse ko'ina. Lafiyayyen ɗaki yana ɗaukar jini kamar mililita 120, ya fitar da 70 a bugu ɗaya, wato wajen kashi 60 cikin 100. Irin zuciyar direban nan takan ɗauki ninki biyu ta fitar da kashi 20. Ku yi lissafi, Malam ga ka nan. Abin da ke ciki ya ninka, abin da ke fita bai kai na da ba. Kuma duk faɗin da ɗaki ya ƙara, bango sai ya ƙara wahala kafin ya yi turin da yake yi a da cikin sauƙi. Ƙyauren da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa shi ma ba ya rufuwa, tunda bakin ƙofar ya buɗe, sai wani jinin ya riƙa komawa baya, zuciya ta tura abu ɗaya sau biyu. Wanda ya koma baya ya taru a huhu. Shi ne hakin, shi ne tarin dare, shi ne barci a zaune."

Injiniya ya kife wayarsa. "Amma Kawu, 'yan ƙwallo da masu tsere an ce zuciyarsu ta fi ta sauran mutane girma."

"Ta fi. Ta mai ciki ma takan ƙaru, don jininta yana ƙaruwa da kusan rabi. Amma ɗan tsere yana gudu awa biyu ya kwanta, bugunsa ya sauka har 50 a minti ko ƙasa da haka, jijiyoyinsa su ƙaru tare da tsokar. Mai ciki tana da ranar sauka. Tasu tana girma tana kuma iya komawa. Hawan jini ba shi da ranar sauka, ba shi da Juma'a ba shi da Lahadi."

Sai ya juya wajen Goggo, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai ba da labarin wani gari.

"Abin da ya fi ba ni mamaki a aikin nan, Hajiya, ba zuciyar ba ce. Sauran gaɓoɓin ne. Ɗauki ƙoda. Ita kaɗai tana karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa. Ranar da ta ji abin da ke zuwa ya ragu, ba ta tambayar lafiyar mai turowa. Sinadari take saki, wanda ake kira renin, ya tayar da wasu, jijiyoyi su ƙara matsewa, jiki ya riƙe gishiri da ruwa. A nata lissafin jini ne ya yi kaɗan, a ƙaro. Ƙwaƙwalwa ita ma ta aiko da umarni a ƙara sauri, a ƙara ƙarfi. In mutum ya yi haɗari jini ya zuba, wannan tsarin shi ke ceton rai, na kwana ɗaya ko biyu. Amma a kan zuciyar da ta gaji, duk ruwan da ƙoda ta riƙe kanta yake komawa. Ta ƙara buɗewa, abin da take fitarwa ya ƙara raguwa, ƙoda ta ƙara riƙewa. Ƙafa ta kumbura, hanta ta kumbura, ciki ya cika da ruwa. Wasu ma sai su ce mutum ya yi ƙiba."

Goggo ba yarinya ba ce. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa.

"To Likita, ita ƙodar laifinta ne? Ai ba mugunta take yi ba. Abin da aka saba ba ta ne ya ragu."

"Ko kaɗan ba mugunta ba ce, Hajiya. Shi ya sa ba a cire ta. Magani ake ba ta ta saki abin da ta riƙe. Yawancin abin da ke kashe mai wannan ciwo da kyakkyawar niyya ake yinsa. A garin nan, cikin shekarun 1970, likitoci biyu na jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun rubuta cewa a cikin haihuwa 100 akan sami mace ɗaya da zuciyarta ke kasawa lokacin jego, adadin da ya girgiza likitocin duniya. Suka danganta abin da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta."

"Mu duk da shi muka yi jego," Goggo ta ce da zafi. "Ga mu nan."

"Ga ku nan, Allah ya ƙara lafiya. Binciken da aka yi daga baya a Kano ma ya fi karkata ga talauci da rashin cima mai kyau da ƙarancin wani sinadari, seleniyam. Ban ce kunu ne ke kawo ciwon ba. Amma kanwa gishiri ce, kuma zuciyar da ta riga ta raunana gishiri kaya ne a kanta. Na ga yarinya ana kawo ta ba ta iya kwanciya, uwarta na biye da ita da kwanon kunu a rufe, tana kuka tana cewa a bar ta ta sha ta samu ƙarfi. Wa zai ce uwar nan ba ta son 'yarta?"

Ba wanda ya amsa. A bayan labule an ji motsi, alamar Auta ta daɗe a wurin.

Malam ne ya yi magana, karo na farko tun da aka zauna. "To Kawu, mene ne maganin? A ƙara mata ƙarfi?"

"Haka likitoci suka zata shekaru da yawa. Akwai digoksin, tsohon magani ne, daga wani ganye aka samo shi, irin ganyen da aka rubuta amfaninsa a Ingila tun 1785. Yana sa tsoka ta ƙara matsewa, majinyaci ya ji dama. Da aka yi babban gwaji a kansa, sakamakon ya fito a 1997: yana rage yawan kwanciya asibiti, amma ba ya ƙara kwana. Waɗanda ke ƙara kwana su ne masu rage kaya, irin su lisinopril da spironolactone, masu sassauta jijiyoyi su hana ƙoda tara gishiri. Lasix kuwa ya fitar da ruwan da ya riga ya taru, mutum ya samu numfashi. Sannan akwai masu rage saurin bugu. Lokacin da na fara aiki, in ka ba mai kasawar zuciya irinsu sai an ce kisa ka yi niyya, don ta yaya za ka ce wa mai rauni ya rage gudu? Wasu likitoci a ƙasar Suwidin suka gwada a 1975, aka yi ta musu da su fiye da shekara ashirin. A 1999 manyan gwaje-gwaje suka nuna suna rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. In aka fara da wuri, kaɗan-kaɗan, sai ka ga a na'urar eko ɗakin ya fara tsukewa, abin da yake fitarwa ya ƙaru. Zuciyar ta ƙanƙance, mai ita ya warware. A makonnin farko jiki yakan yi ƙorafi, mutum ya ji kasala, don gaɓoɓi sun saba da yadda ake yi musu. Sai an daure."

"Direban fa?" in ji Anti.

"Mun fitar masa da ruwa, ya samu sauƙi, aka ce ya bar doguwar tafiya, ya rage gishiri da dunƙulen miya, ya riƙa zuwa ana dubawa. Ya ce to. Wata bai cika ba ya koma hanya, gida na jiransa. Ya dawo mana karo na biyu. Na uku bai fita da ƙafarsa ba. Ƙannensa huɗu ne, duk majiya ƙarfi. Na je ta'aziyya, na same su suna ta yabonsa, kuma da gaske suke, hawaye suke yi. Suna cewa tun da suke da shi bai taɓa ce musu babu ba."

Kawu ya ɗauki kofinsa, ya ga shayin ya huce, ya ajiye. "Ku gafarce ni, na cinye muku lokaci. Tsufa ke nan. Hajiya, ina aka tsaya? Ina jin anko ne."

Goggo ta buɗe takardar, amma ba ta karanta ba. Malam ya miƙa hannu ya ce a ba shi ya gani. Ya duba sama da ƙasa, ya ce firji da talabijin a bar masa, akwai adashen da zai kwasa ƙarshen wata. Injiniya ya ce shi ba shi da ko sisi, amma dina ba farilla ba ce, kuma zai iya yi wa Auta bayani. Daga bayan labule aka ce, "Ni dama ban ce dole ba." Goggo ta ce ita gara ba za a taɓa ta ba, ba za a kai 'yar ɗan'uwanta gidan miji a raina ta ba, amma alkaki da nakiya da dubulan ita za ta yi da hannunta, kuma tumakinta biyu sun isa shinkafa. Anti ta ce za ta yi magana da maigidanta. Yadda ta faɗa, kowa ya san ba za ta yi ba, amma ba ta sake ambaton anko ba.

Wanda ya ƙi shi ne Babban Yaya. Ya miƙe ya karɓe takardar daga hannun Malam. "Haba, me ya yi zafi? Ina raye za a ce Goggo ta sayar da tumaki? Me mutane za su ce a kasuwa? Ku bar shi kawai, zan san yadda zan yi." Ya faɗi haka a tsaye, kuma kafin ya kai ƙarshe sai da ya tsaya ya ja numfashi. Irin waɗannan mutane, a ganina, sun fi masu roƙonsu wuyar sha'ani, domin an daɗe ana biyansu da yabo har sun ɗauka shi ne ribar.

Kawu bai ce masa komai ba. Ya jawo jakarsa ya fito da abin awon jini. "Tunda ga ni ga ku, bari in auna kowa, kada na'urar ta yi tsatsa. Hajiya, da ke za a fara." Ya auna Goggo, ya ce ta rage gishiri. Ya auna Inna, ya auna Malam da Anti da Injiniya, har Auta ya sa ta miƙo hannu ta gefen labule. Da aka zo kan Babban Yaya ba yadda zai yi ya ƙi, tunda har Goggo ta miƙa nata.

"Zauna nan, ka jingina bayanka, ƙafa a ƙasa. Ƙa'ida ce sai mutum ya yi minti 5 a zaune, ba magana, in ba haka ba awon ƙarya ne. Kawo wayoyin."

Ya miƙa su da ƙyar, Kawu ya ba Injiniya ya riƙe. Ko minti ɗaya ba a yi ba ɗaya ta ɗauki ƙara. Babban Yaya ya zabura, Kawu ya dafa masa kafaɗa ya mayar da shi. Injiniya ya amsa, ya saurara, ya rufe bakin wayar da hannu.

"Mai kujeru ne. Wai a tura masa kafin alƙalami yau, in ba haka ba farashi zai tashi."

Kawu yana naɗa abin awo a damtsen Babban Yaya, ko ɗagowa bai yi ba. Injiniya ya kalli Goggo, Goggo ta kalli Anti, Anti ta kalli ƙasa.

"Ce masa ya kira lambata," in ji Malam. "Kuma ka tambaye shi ko akwai masu sauƙin kuɗi."